Jikinki Naki Ne Ke Kaɗai?

'Yar'uwa, akwai wata magana da na sha ji a bakin mata lokacin annobar korona, har yau kuma ba ta bar zuciyata ba. Sai mace ta ce, "Jikina ne, ba wanda zai tsira mini allura sai na ga dama." Ni kuwa tambayata ita ce, wai jikin nan namu ne mu kaɗai, ko akwai haƙƙin wasu a cikinsa?

Mu tuna yadda abin ya kasance. A watan Maris na 2020 aka rufe filayen jiragen saman Nijeriya ga masu shige da fice. A watan Afrilu aka kulle Kano, azumi ya same mu a cikin gida, ba kasuwa, ba biki, ba ziyara. A shekarar nan Saudiyya ba ta karɓi maniyyaci ko ɗaya daga waje ba. A 2021 ma mutum 60,000 kawai aka yarda su yi aikin Hajji, duk mazauna can, kuma sai wanda ya yi rigakafi. Sai a 2022 aka buɗe wa baƙi ƙofa, da sharaɗin allura, kuma kada shekarun mutum su haura 65. Ki dubi dattijuwar da ta shekara ashirin tana adashi da kiwon awaki don ta ga Ka'aba, aka ce ta dakata. Wallahi abin da ciwo.

To amma laifi ne a tsare mutane saboda annoba? Tarihi ya nuna Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta ɓarke can sai ya juya da jama'arsa. Ba wanda zai ce ya fi shi tawakkali. Ashe kenan kauce wa cuta bai saɓa wa imani da ƙaddara ba.

Su kuma masu tsoron allura, ban ga dalilin yi musu dariya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, cikin yara kusan 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Uwar da ta ji wannan labari tana da haƙƙin ta yi tambaya, kuma wajibi ne hukuma ta amsa mata da gaskiya, ba da tsawa ba.

Sai dai tsoro ma yana da nasa farashin. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jita, ba a dawo da shi ba sai a 2004. Kafin a farga cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, har Yaman da Indunusiya. Yaran da suka gurgunce a can ba su san mu ba, ba su kuma ci mana komai ba. Da aka dage da ɗigon nan gida-gida, a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta daji.

Nan ne amsar tambayata take. Ciwon kai naki ne ke kaɗai, in kin ga dama ki sha magani, in kin ga dama ki jure. Amma cutar da ake ɗauka ta numfashi ba ta san katanga ba. Ke ce mai dafa abincin gida, ke ce mai goyo, ke ce mai kai wa surukarki kunu da safe. Abin da ya shiga jikinki ya shiga gidan gaba ɗaya. Don haka jikin naki ne, amma amana ce a hannunki, kuma jaririnki da tsohuwar gidanku suna da rabo a cikin shawarar da za ki yanke.

A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya, a shekarar kuma alhazai fiye da miliyan 1.8 suka tsaya Arfa. Biki ya dawo, suna ya dawo, alhamdu lillahi. Abin da nake roƙo shi ne kada mantuwa ta dawo tare da su. Ki nemo katin rigakafin yaranki ki duba ko akwai wadda aka tsallake, ta ƙyanda ko ta sanƙarau. In kina da shakka, ki tambayi ma'aikaciyar asibiti har ki gamsu, kada ki ɗauki hukunci daga hirar gidan kitso. Allah Ya tsare mu da zuri'armu, amin.