Haƙurin da ake nema a wurin mace da wanda ake yafe wa namiji

Haƙuri shi ne halin da Hausawa suka fi yi wa amarya huɗuba a kansa ranar da za a kai ta ɗakinta, kuma shi ne dai abin da take sake ji daga bakin gwaggonninta duk lokacin da ta yi yaji, wato ta bar gidan miji cikin fushi ta koma wurin iyaye tana jiran a zo biko. Malaman tarbiyya, tun daga Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, a cikin Ihya'u Ulumid Din, har zuwa Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, a cikin Uddatus Sabirin, sun nuna cewa wannan hali yana da fuskoki uku: dagewa a kan ɗa'a ko da rai ba ya so, da kame kai daga saɓo ko da rai yana so, da jure abin da ya faɗa wa mutum ba da zaɓinsa ba. Al'amarin mijin da ya saba da kallon finafinan batsa a wayarsa yana tona wani rashin adalci a yadda gidaje suke raba waɗannan fuskoki, domin fuska ta uku ake ɗora wa matar da ta gano abin, ana ce mata ta jure, alhali fuska ta biyu, wadda rashinta ne ya haifar da damuwar tun farko, tana wuyan mijin, kuma da wuya a sami wanda zai tambaye shi ita.

Zangon Agoè, a arewacin birnin Lome, wuri ne da wannan rabo yake fitowa fili, saboda yadda unguwar ta kafu da kuma abin da take rayuwa a kansa. Tsohon Zango, wanda fatake Hausawa da sauran baƙi Musulmi suka zauna tun zamanin mulkin Jamusawa, yana tsakiyar birni ne, har zuwa 1977 da gwamnatin Gnassingbé Eyadéma ta rushe shi ta mayar da mazaunansa wajen gari, kimanin kilomita 15 a kan babbar hanyar da ta nufi iyakar Burkina Faso. Michel Agier, Bafaranshen da ya yi nazarin unguwar ya kuma wallafa littafi a kanta a 1983, ya nuna cewa kasuwancin Zango ya dogara ne ga maigida, wato mutumin da yake saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya tsaya masa, ya haɗa shi da masu saye, sannan ga aure da dangantaka da suke ɗaure waɗannan masu gida da junansu. A wurin da jarin mutum shi ne sunansa, duk maganar da za ta zubar da girman magidanci tana taɓa bashin da ake ba shi da amanar da ake bar masa, saboda haka dangi suna da dalilin da ya wuce na ɗabi'a na son mace ta yi shiru. Ga shi kuma Togo ƙasa ce da ba ta bin tsarin wani addini, babu hukumar Hisba irin ta Kano, babu kotun shari'ar Musulunci, don haka ƙarar irin wannan ba ta da inda za ta je sai wurin waliyyi, ko liman, ko dattawan unguwa.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne wahalar aikata laifin ta ragu ƙwarai. A zamanin kaset da faifai, wanda yake son kallon batsa sai ya fita ya nema, ya haɗa ido da mai sayarwa, ya sami ɗaki da talabijin, kuma a kowane mataki kunya tana iya tare shi. Yanzu waya ce a aljihu, kuma intanet sai ƙara yalwa take yi, tunda a gaɓar Lome ne igiyar ƙarƙashin teku ta Equiano, wadda kamfanin Google ya shimfiɗa, ta fara sauka a nahiyar Afirka a watan Maris na 2022. Direban da yake kwana da kwanaki a tashar manyan motoci yana jiran tafiya Yamai ko Wagadugu, da ɗan kasuwar da yake zaune a shago lokacin da ciniki ya mutu, duk sun rasa shingen da idon jama'a yake yi wa iyayensu, sai wanda suka gina wa kansu a zuci.

Abu na farko da yake samun matar da ta ci karo da irin waɗannan hotuna a wayar mijinta shi ne ta juya zargi a kan kanta, ta fara auna jikinta da na matan da ta gani, ta ɗauka cewa haihuwa ko shekaru ne suka rage mata daraja. Shawarar da takan samu daga ƙawaye tana ƙara wannan ciwo, domin yawanci ba ta wuce a ce mata ta gyara jikinta, ta nemi kayan mata, ta sauya man shafawa, kamar dai ita ce ta yi sakaci. Wannan shawara ba ƙaramin haɗari ba ce a ƙasar da rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ambata cewa kashi 59 cikin 100 na matanta suna amfani da man sauya launin fata, wanda wasu nau'o'insa suke ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Kuskuren da ke cikin shawarar shi ne zaton cewa ana gasa ce tsakanin mace da mace, alhali abin da yake jan mai kallo shi ne sabon abu a kowane lokaci, fuska bayan fuska ba iyaka, kuma babu mace guda, komai kyanta, da za ta iya zama mutum dubu. Saboda wannan dalili ne ƙara aure, wanda wasu mazan suke kawowa a matsayin magani, ba ya kashe al'adar idan ta riga ta kama, sai dai ya ƙara yawan matan da suke zargin kansu.

Hujjar da miji yakan kare kansa da ita ita ce bai taɓa kowa ba, bai kashe wa wata mace kuɗi ba, kuma gara kallo da bin matan banza. Gaskiya ne malaman fiƙihu ba su daidaita kallo da zina a wajen hukunci ba, amma umarnin runtse ido da ya zo a Suratun Nur, aya ta 30, da maza aka fara shi kafin a juya ga mata a aya ta 31, kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa kallo a matsayin rabon ido daga zina. Gazali ya ware babi guda a Ihya a kan karya sha'awar ciki da ta farji, inda ya ɗauki ido a matsayin ƙofar da abin yake farawa. Haƙurin da ake bukata daga namiji a nan yana da siffa da za a iya gani: ya amsa cewa abin yana faruwa ba tare da ya mayar da maganar kan wanda ya ba ta izinin taɓa wayarsa ba, ya fita daga rukunonin WhatsApp da abokai suke tura irin waɗannan abubuwa, ya daina kwana da waya a hannu, ya kuma jure ganin fuskar matarsa a ɗaure na wani lokaci ba tare da ya kira hakan rashin kunya ba.

Likitoci sun kawo wani bambanci da yake da amfani ga mai son yin adalci. A kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, an shigar da larurar kasa riƙe kai a harkar jima'i, wato halin da mutum yake yin wata shida ko fiye yana ƙoƙarin dainawa yana kasawa, har abin ya ci masa aiki da iyali da lafiya. Kundin ya kuma fayyace cewa damuwar da ta taso daga jin an saɓa wa ɗabi'a kawai ba ta isa a kira mutum mara lafiya ba. Ma'anar wannan ita ce ba kowane mai kallo ne za a ce cuta ta kama ba, kuma bai dace a bar mai iya dainawa ya fake da cewa ya kamu, kamar yadda bai dace a wadatu da wa'azi kaɗai ga wanda ya kai matsayin bukatar likitan ƙwaƙwalwa ba.

Duk wannan bai cire wa mace nata rabon haƙuri ba, sai dai ya sauya abin da ake nufi da shi. Nata shi ne ta riƙe harshenta a sa'ar da zuciya take tafasa, kada ta tayar da maganar a gaban yara ko kishiya, kada ta ɗauki hoton abin da ta gani ta aika wa danginsa, domin abin da ya shiga waya a unguwar da kowa ya san kowa ba ya komowa, kuma 'ya'yanta ne za su gaji abin kunyar. Nata ne kuma ta guji mayar da kanta mai gadin wayarsa dare da rana, tunda Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana tajassusi, wato bin diddigin aibin mutane, kuma ko ba don haramci ba, bincike yana koya wa mai laifi iya ɓoyewa, ita kuma ya hana ta barci. Amma bayan ta huce, magana wajibi ce, cikin sirri, a faɗi abin da aka gani da abin da ya yi wa zuciya da abin da ake so ya sauya. Matar da ta yi shiru na shekaru tana dafa abinci tana murmushi, alhali ƙyamar mijin tana girma a ranta, Hausawa sukan yabe ta da cewa ta iya zaman aure, ko da yake abin da take yi ya fi kusa da haɗiye baƙin ciki, wanda yakan fito daga baya a sifar ƙauracewar shimfiɗa ko huce haushi a kan yara.

Akwai kuma iyakar da jurewa take zama taimakon ɓarna. Idan miji ya tilasta mata kwaikwayon abin da ya gani a kan abin da addini ya hana ko jikinta ya ƙi, ko ya ɗauki hotonta tsirara, ko ya ƙaurace mata har ta rasa haƙƙinta na aure, ko ya bar wayar a hannun yara, to al'amarin ya tashi daga zunubin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ya koma cutar da wani. Idan kuwa hotunan na ƙananan yara ne, laifi ne a dokar Togo, kuma rufa masa asiri a nan zalunci ne ga yaran. Suratun Nisa'i, aya ta 35, ta tsara a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata, kuma mazhabar Malikiyya, wadda mutanen Zango suka gada ta hanyar Risala da Muhtasar na Halil, ta fi sauran mazhabobi faɗaɗa wa mace ƙofar neman rabuwa saboda darar, wato cutarwar da zama ba ya yiwuwa da ita. Sai dai wannan ƙofa alƙali take bukata, kuma dokar iyali ta Togo auren da aka yi rajistarsa a ofishin gwamnati take kallo, don haka matar da aka ɗaura aurenta a masallaci kawai ba ta da makama sai adalcin liman da ƙarfin halin waliyyinta.

A nan ne nauyin yake komawa kan malamai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya soki malaman zamaninsa a cikin Nurul Albab saboda suna koya wa mata biyayyar miji suna ɓoye musu cewa biyayyar Allah ce a gaba, kuma ya ga cewa son zuciyarsu suke bi da hakan. Limamin da mace ta kawo wa irin wannan kuka ta hannun waliyyinta, ya sallame ta da addu'a da nasihar ta ƙara kwalliya ba tare da ya aika a kira mijin ba, ya faɗa ƙarƙashin wannan suka. Kiran mijin yana da tsada a Zango, domin sau da yawa shi ne mai sayen tabarmin masallaci ko mai biyan kuɗin wutarsa, amma duk da haka malamin yana bukatar ya zauna da shi su biyu, ya ambaci abin da sunansa, ya sanya masa wa'adi, sannan bayan wa'adin ya sake aikawa a tambayi matar ko wani abu ya sauya.