Matambayi Ba Ya Ɓata: Nasiha Ga Matan Aure Masu Son Karatun Likita

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata ɗaliba ce da nake koyarwa a ajin matan aure na Islamiyyarmu a nan Daura. Ta gama sakandare a ɓangaren kimiyya, aka yi mata aure, ta haifi 'ya'ya huɗu, amma burin zama likita bai bar zuciyarta ba. Sau biyu tana zana jarrabawar JAMB da kuɗin adashinta, sau biyu ba ta samu gurbi ba, kuma ba wanda ya gaya mata dalili. Har ta soma cewa ai shekarunta ne suka wuce.

Wata rana muka ja ta zuwa wani taron mata a Katsina, inda wata likita ta yi lacca kan lafiyar masu juna biyu. Da aka tashi sai na ce mata, "Ke dai je ki gaishe ta, ki faɗa mata damuwarki." Ta je tana jin kunya. Likitar ta karɓi takardunta ta duba, nan take ta ga matsalar: sakamako biyu ta haɗa, alhali yawancin makarantun likita suna son kiredit biyar a zama ɗaya, wato Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Maganar da ba ta kai minti goma ba ta warware abin da ya ci mata shekara biyu. Ta sake zana jarrabawar, yanzu haka tana jami'a tana karatun likita, likitar nan kuwa ta zame mata uwa.

'Yan uwa, Allah (SWT) Ya sanar da mu a Suratul Hujurat, aya ta 13, cewa Ya sanya mu dangogi da ƙabilu ne domin mu san juna. A Suratun Nahl, aya ta 43, Ya umarce mu da tambayar ma'abota sani idan ba mu sani ba. To ta yaya za ki tambayi wadda ba ki taɓa haɗuwa da ita ba? Yarinyar da ta fito sakandare bana tana da malamai da ƙawaye masu kawo mata labari. Ke kuwa da kika yi shekara goma ko sha biyar a ɗakinki, wannan hanyar ta yanke. Taro shi ne inda za ki sake ƙulla ta.

Mu dubi Uwar Muminai Nana A'isha (RA). Ɗan 'yar uwarta Urwatu ɗan Zubairu ya ce mata bai yi mamakin saninta na fiƙihu da waƙoƙin Larabawa ba, amma a ina ta koyi magani? Ta amsa masa cewa a ƙarshen rayuwar Manzon Allah (SAW) yana yawan rashin lafiya, tawagogin Larabawa suna zuwa daga ko'ina suna siffanta magunguna, ita kuma tana haɗa masa. Imamu Ahmad ya ruwaito wannan. Kun ga, daga bakin baƙin da suka taru a Madina ta tsinci wannan ilimin, don ta kasa kunne. Haka Rufaida Al-Aslamiyya (RA) ta kafa tantinta a masallaci tana jinyar masu rauni, har Annabi (SAW) ya sa aka kai mata Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. A ƙasarmu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, inda jajoji, manyan mata, suke jagorantar 'yan uwansu daga ƙauyuka zuwa wurinta, su koyo su koma su koyar.

Batun shekaru kuwa, gemu ba ya hana ilimi, balle goyo. Imamu Bukhari ya faɗa a babin ilimi cewa sahabbai sun yi karatu bayan sun manyanta. Imamu Gazali kuma ya lissafa aikin likita cikin farali kifaya: idan gari ya rasa mai yi, laifin ya hau kan kowa. Mu tambayi kanmu, mata nawa ne a ƙauyukan Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua suke ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu, don kawai ba sa son namiji ya duba su? Mace nawa aka bari tana naƙuda kwana biyu a gida saboda wannan dalili? Muna kukan rashin likitoci mata, amma idan 'yar uwa ta tashi nema sai mu ce, "Ke da girmanki?" Wallahi wannan ba daidai ba ne.

Alhamdu lillahi ƙofofi suna nan. Akwai karatun likita a Jami'ar Bayero ta Kano, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Shekara shida ne, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti. Wadda take da digiri a fannin kimiyya, ko ta yi IJMB, tana iya neman shiga kai tsaye zuwa aji biyu. Wadda yanayinta bai ba ta wannan doguwar tafiya ba, ga makarantar ungozoma a Malumfashi, ga ta fasahar kiwon lafiya a nan Daura. Daga 2012 zuwa 2020 an yi wani shiri mai suna Women for Health a jihohin Arewa, har da Katsina, wanda ya ba matan karkara karatun share fage don su shiga makarantun kiwon lafiya. Mata da yawa sai da ya ƙare suka ji labarinsa, saboda ba sa zuwa inda ake faɗa.

Don haka idan kika ji FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, ko ƙungiyar likitoci Musulmi ta IMAN, ko ta likitoci mata ta MWAN, sun shirya lacca ko duba marasa lafiya kyauta, ki daure ki je. Ga abin da nake ba ɗalibaina shawara:

Na farko, ki gyara niyya, sannan ki nemi izinin maigida da lalama. In da hali ku tafi tare, don abin da ya ji da kunnensa daga bakin likita ya fi wanda za ki kawo masa.

Na biyu, ki tafi da kwafin takardunki da tambayoyinki a rubuce. Likita ba ta da lokaci mai yawa, kada ki cinye shi da dogon labari.

Na uku, ki nemi wadda ta yi karatun da aure da goyo. Ita ce za ta gaya miki gaskiyar wahalar, da yadda ta yi da yara lokacin jarrabawa da kwanan asibiti.

Na huɗu, kada ki yar da zumuncin bayan taro. Zumunta a ƙafa take. Ki kira ki yi godiya, ki sanar da ita inda kika kwana, ba sai kina da buƙata ba.

Sai dai ina jan kunne. Sanin mutane daban, neman alfarmar zalunci daban. Ki nemi shawara da haske, kada ki nemi a cire sunan 'yar wani da ta fi ki maki a sa naki, kada kuma ki ba da cin hanci. Rayukan mutane za a damƙa miki gobe, ba a fara wannan aiki da haram. Ki kiyaye hijabinki da mutuncinki, kada taro ya zama wurin nuna leshi da gulma.

Ku kuma likitocinmu da malaman jinya, ku ji tsoron Allah game da masu tahowa bayanku. Annabi (SAW) ya yi bushara cewa wanda ya nuna hanyar alheri yana da lada kwatankwacin na wanda ya aikata. Duk mai naƙudar da ɗalibar nan tawa za ta taimaka nan gaba, likitar da ta tsaya ta duba mata takardu tana da kaso a ciki.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya haɗa mu da mutanen kirki, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.