Alƙalin Littafi da Alƙalin Kotu

Tambayar da nake so mu tattauna ita ce, shin alƙali yana bin marubucin ƙagaggen labari wani haƙƙi? Wato idan marubuci ya kai mu kotu cikin littafinsa, wajibi ne ya nuna ta yadda take, ko kuwa in dai labari ya yi daɗi shi ke nan? Ba a aji na samo wannan tambaya ba. Wata saniya ce ta jefa ni cikinta.

Ina yaro, kawuna, wanda yake manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar, ya sayar da riɗinsa, ya tafi kasuwar Maigatari ran Alhamis ya sayo karsana. Ta yi wata bakwai a turkensa, sai ga wani mutum daga wajen Gagarawa ya ce tasa ce, sace ta aka yi. Magana ta kai kotu. Kawu bai nemi shawarar kowa ba. Cewa ya yi ai alƙali mai hikima ne, zai sa a saki saniya a ga gidan da za ta nufa, don haka ya ji ana yi a hikaya.

Alƙali bai saki saniya ba. Ya dubi mai ƙara ya ce ina shaidunka. Ya kawo mutum biyu, suka faɗi kamanninta har da tsagar kunnenta, suka ce ba su san ya sayar ko ya kyautar ba. Aka juyo ga kawu aka yi masa i'izari, wato aka tambaye shi ko yana da suka ga shaidun ko wata hujja. Babu. Wanda ya sayar masa ya tsallaka Nijar, dillali kuwa ya ce bai san garinsa ba. Mai ƙara ya rantse, aka ba shi saniya, aka ce kawu ya bi kuɗinsa wurin wanda ya sayar masa. Kafin magariba ƙauye ya yanke nasa hukuncin: an sayi alƙali.

To, ya mai karatu, lura da wannan. Alƙali biyu kawu ya sani, kuma duka biyun labari ne ya ba shi su. Na farko shi ne mai dabara, wanda yake tono gaskiya da wayo. Ba Hausawa kaɗai ke son irinsa ba. A wasan Shekisfiya na attajirin birnin Banis ma, da dabarar a yanki tsoka amma kada jini ya zuba aka ceci mutum. Na biyu shi ne mai karɓar toshiya, wanda finafinanmu ba sa gajiya da shi. Da kawu ya shiga kotu bai tarar da na farko ba, sai ya tabbata na biyu ya gani.

Sai da na girma na zauna gaban malami, muka zo babin istihƙaƙi a Tuhfa ta Ibn Asim, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna dogara da shi, sannan na gane mutumin nan ƙa'ida ya bi, taki bayan taki. Alƙali da zahiri yake hukunci, ba ya ganin zuci. Kawu mai gaskiya ne, mai saniya ma mai gaskiya ne, ɓarawo kuwa ba ya cikin ɗakin. Irin wannan shari'a ba ta shiga littafi, don ba ta da mugu, ba ta da gwarzo.

Amma fa kada a ce na wanke kotu. Marubuci yana da tasa hujjar. Ba banza ba aka raba kotuna da En'e a ƙarshen shekarun 1960, har aka rufe kotunan sarakuna, irin ta Gumel da sauransu. Talakawa sun daɗe suna kuka. Kuma lokacin da Sulaiman Ibrahim Katsina ya fito da Turmin Danya a 1982, yana tona asirin fasa-ƙwauri da cin hanci, duk wanda ya taso a bakin iyaka irinmu ya san ba ƙage ya yi wa kowa ba. Marubucin da ya rufe ido ga zalunci don kada a ji haushinsa, ba ni da abin da zan ce da shi.

Inda na tsaya shi ne, tsoron da talaka ke yi wa kotu labari ya faɗe shi daidai, amma yadda kotun take aiki ya ɓoye shi. Wannan ɓoyewa kuwa ba alƙali take cuta ba, shi albashinsa yana zuwa. Mai sauraro take cuta. Da kawu ya taɓa jin labari ɗaya tak wanda aka rasa dabba don ba a san mai sayarwa ba, da bai ƙirga kuɗi a kara ba sai dillali ya tsaya masa gaban shaidu.

Bayan shekara huɗu maƙwabcinsa ya ci masa iyakar gona, kunya goma sha. A wannan karon yana da shaidu, dattawa uku da suka san inda gamba take tun zamanin kakanmu. Muka yi muka yi ya kai ƙara, ya ce shi da kotu har abada. Har ya rasu maƙwabcin ne ke noma wurin.