Abin Lura: Kacar Keke da Ƙurar Hunturu

Duk wanda ya taɓa hawa keke bayan sallar Asuba a watan Disamba ko Janairu, daga Tiga zuwa Bebeji ko daga Kiru zuwa Kwanar Dangora, ya san da yatsu ɗari yake fara gaisawa. Kafin a yi nisa sun sandare, in ka zo matsa birki sai ka ji kamar hannun aro ne. Daga nan kunne ya ɗauka, leɓe ya tsage, ido ya yi ta hawaye ba a yi maka rasuwa ba. Mutanen Riruwai da na gefen dajin Falgore kuwa dariya suke yi in ɗan birni ya ce ana sanyi, don nasu na kan duwatsu ya fi cizo. Kuma fita dole ce. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, rani ya daina zama lokacin hutun manomi, ga ɗalibai, ga masu kai rake kasuwa.

Wata shekara kacar kekena ta kama kuka da shigowar hunturu. Na samo baƙin mai wurin masu gyaran babur na tuttula mata har yana ɗiga, na ce na gama da ita. Ta yi shiru kwana uku. Kafin wata ya cika ta fara zamewa, in na taka da ƙarfi a hawan tudu sai feda ta tafi fanko. Da na kai wa mai gyara, dattijo ne, ya lakato abin da ke jikinta ya murza a yatsa, ya miƙo mini.

"Taɓa ka ji, Malam. Ai ba mai ka sa mata ba, dutsen wasa ka kwaɓa."

Gaskiyarsa. Ƙurar hunturu, wadda yawancinta iska ke ɗebowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, laushinta kamar garin tuwo, ba inda ba ta shiga. In ta tarar da mai ya yi yawa sai ta manne, ta zama taɓo mai kaifi, kullum kana tuƙi yana cin kaca da haƙoran da take bi. Abin da ya koya mini bai kai kuɗin shayi ba: a wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, a bari ta bushe, a ɗiga man keken ɗinki kaɗan-kaɗan, sannan a goge bayanta tas da tsumma. Sau ɗaya a mako ya isa.

Sai daga baya na lura abin da na yi wa kaca shi nake yi wa jikina. Nakan jibga ƙatuwar rigar sanyi ta gwanjo, irin wadda aka ɗinka don ƙanƙarar Turai. Minti goma na farko daɗi. Da an fara hawan tudu sai gumi ya jiƙa ta ciki, da an juya gangara iska ta daki jiƙaƙƙen ƙirji, gobe sai mura da tari, a ɗora wa hunturu laifi. Riguna marasa kauri biyu ko uku sun fi, don da hantsi ya dubi ludayi ka tuɓe ɗaya ka ɗaure a kariya. Masu tseren keke a Faransa da Italiya sun daɗe suna cusa jarida a ƙirji in za su gangaro daga tsauni, kuma kwalin da ke yashe a gidanka zai yi wannan aiki.

In akwai kuɗin kashewa, a kashe su a kan safar hannu da hular sanyi. Hanci da baki kuma Buzaye sun riga kowa gano maganinsu, rawani da amawali. Ƙyalle mai tsabta ko takunkumi ma ya wadatar. A shafa man kaɗanya a leɓe da dunduniya tun kafin faso ya buɗe baki. A riƙe gorar ruwa, ko ba a jin ƙishi, don iskar tana busar da maƙogwaro. Famfo da kayan faci kada su bar jikin keke, tsidau ba ya hutun rani.

Kunne dai a rufe shi da lissafi. Na fi tsoron hazo a kan ɗari. Titin da ya tashi daga Kwanar Dangora ya bi ta Tudun Wada, ya ratsa Falgore ya nufi Saminaka da Jos, hanyar manyan motoci ce, kuma wanda ya naɗe kai har ba ya jin tirela a bayansa ya sayi ɗumi da tsada. Ranar da hazo ya sauka, mai farar riga ko ruwan toka ɓacewa yake yi a idon direba, sai an zo dab da shi. Ja ko ruwan ɗorawa ake hangowa. Fitila a gaba, abu mai ƙyalli a baya, ko da tsohon faifan CD ne kamar yadda samari ke ɗaurawa, ba ƙawa ba ce kawai. Mai nufar arewa da safe kuma ya ƙara wa tafiyarsa lokaci, don iskar daga arewa maso gabas take busowa, gaba da gaba za su yi.

Direbobin da ke bin wannan hanya da sassafe, don Allah ku kunna fitila ko gari ya waye, ku rage gudu a bakin ƙauyuka. Yaron da ke gefen kwalta da jakar makaranta a kariya, yatsunsa ba lallai su iya kama birki a kan lokaci ba.