Doka Ta Tashi, Haƙƙin Ɗan'uwa Yana Nan: Magana Kan Takunkumi a Halƙar Zikiri

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya halicci cuta Ya halicci magani, Ya sanya wa kowane abu sababinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani da Shehu Ibrahim Inyass da sauran waliyyai baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa ahbabu, babu wanda ya manta shekarar 2020. Ranar 19 ga watan Maris aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Yamai. Ba a jima ba aka rufe masallatai, aka hana taro, muka shiga azumi ƙofofin masallatai a kulle, sai ranar 13 ga watan Mayu aka buɗe su. A wannan shekara da wadda ta biyo bayanta babu maniyyaci daga ƙasarmu da ya samu sauke farali. Allah Ya kawo sauƙi, dokoki suka yi ta sassautawa, har ranar 5 ga watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta fita daga matakin gaggawa. Yau babu jami'in da zai tsayar da kai a kan takunkumin rufe baki da hanci.

Sai dai magana ba ta mutu ba a zawiyoyinmu. Idan wani ya shigo wazifa da takunkumi, akan samu mai taɓa na kusa da shi yana murmushi, wai har yanzu wannan bai gama tsoron korona ba. Wasu ma sukan kai abin ga zargin ƙarancin yaƙini. A ɗaya gefen kuma akwai masu kallon duk wanda ya ajiye takunkumi a matsayin mai ganganci. Fatawa ta malamanmu ce, ni almajiri ne. Abin da nake so shi ne in tattaro mana abin da muka riga muka karanta a gabansu, mu auna wannan mas'ala da shi.

Mu fara da wani labari da Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa, a littafin Hajji. Sayyidina Umar (RA) ya ga wata mata mai cutar kuturta tana ɗawafi. Ya yi mata magana da laushi, ya nemi kada ta cutar da mutane, ya nuna mata zamanta a gida ya fi. Ta koma ta zauna. Bayan rasuwar Umar wani mutum ya wuce ta wurinta, ya gaya mata wanda ya hana ta ya mutu, ta fito abinta. Ta ƙi, ta ce ba ta zama mai yi masa biyayya yana raye sannan ta saɓa masa bayan ya mutu ba.

Ku duba fahimtar wannan baiwar Allah. Mai hanin ya tafi, babu mai tsare ta, ga Ka'aba kusa da ita, zuciyarta kuma tana begen ɗawafi. Amma ta gane cewa dalilin hanin bai tafi tare da Umar ba, domin mutanen da ake tsoron ta cutar suna nan suna ɗawafi. Haka lamarinmu yake. Dokar gwamnati ta zo ta wuce. Tsohon da ke zaune kusa da kai a halƙa, mai ciwon suga ko hawan jini ko asma, yana nan, kuma haƙƙinsa a kanka bai taɓa rataya ga wata sanarwa ta rediyo ba.

Mu dubi yadda zamanmu yake. A wazifa muna kewaye farin ƙyalle gwiwa da gwiwa, mu ɗaga murya tare: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Ranar Juma'a bayan La'asar mu yi zikiri har faɗuwar rana, ƙirji a buɗe, numfashi yana fita da ƙarfi. Idan aka shafa, mu yi musafaha. Lokacin sanyi kuma mukan rufe ƙofa da tagogi. Wannan kusanci ni'ima ce, shi ne abin da ke haɗa zukata. Amma masana lafiya sun tabbatar cewa mura, korona, tarin fuka, mashaƙo da sanƙarau duk suna bin numfashi da ɗigon yawu ne, kuma mai ɗaga murya ya fi mai shiru fitar da su. A watan Maris 2020, a jihar Washington ta Amurka, mutum 61 sun taru a ɗaki guda suna rera waƙa, cikinsu akwai mutum ɗaya mai alamun cutar. Fiye da 50 suka kwanta, biyu suka mutu. Zikiri ya fi ƙarfin a haɗa shi da waƙa, amma huhun da ke fitar da murya iri ɗaya ne ga kowa.

Kuma mu a wannan ƙasa ba korona kaɗai muke da ita ba. Muna tsakiyar yankin da likitoci ke kira ɗamarar sanƙarau, daga Senegal har Habasha, inda cutar ke tashi da rani lokacin iska da ƙura. A 2015 sanƙarau ya kashe ɗaruruwan mutane a Nijar, har aka rufe makarantu a Yamai. A 2023 mashaƙo ya ɓulla, jihar Damagaram ta sha wuya, musamman wajen Matamai. Tarin fuka kuwa bai taɓa barinmu ba. Wanda ya ɗauka takunkumi kayan korona ne kawai bai dubi kewayensa ba.

Wani zai ce: ina tawakkali? Ai babu abin da zai same mu sai abin da Allah Ya rubuta. Wannan gaskiya ne, kuma wanda ya yi shakka a kansa sai ya sake duba imaninsa. Amma sahabbai sun riga mu yin wannan muhawara. Lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya isa wani wuri mai suna Sarga, aka gaya masa annoba ta sauka a gaba. Ya yi shawara, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ne wannan. Umar ya amsa masa cewa daga wata ƙaddarar Allah suke gudu zuwa wata ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su. Sai Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana na ciki fita don gudunta. Wa zai ce ya fi Umar tawakkali?

Annabi (SAW) da kansa ya umarci balaraben ƙauye ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah. Ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya tare da masu lafiya. Da tawagar Saƙifa ta zo da wani mai kuturta a cikinta, ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma, ba tare da sun haɗa hannu ba. Hadisin da ya kore yaɗuwar cuta kuwa, malamai sun bayyana shi: abin da aka kore shi ne aƙidar jahiliyya cewa cuta tana tsallakawa da ikon kanta. Wannan shi ne abin da muka koya a tauhidi tun daga Ummul Barahina. Wuta ba ta ƙonawa da kanta, Allah ne ke halittar ƙuna a yayin da ta taɓa jiki. Duk da haka babu mai hankalin da ke sa hannu cikin murhu don ya nuna yaƙininsa. Riƙon sababi aikin gaɓoɓi ne, dogaro aikin zuciya ne, kuma muridi na gaskiya yana haɗa su biyun.

Akwai kuma hujjar da ta fi wannan ƙarfi, kada mu tsallake ta. A mazhabarmu ta Malikiyya rufe baki cikin salla makaruhi ne. Shehu Khalil ya lissafa shi cikin makaruhai a Mukhtasar, kuma Muwaɗɗa ta ruwaito cewa Salim ɗan Abdullahi ɗan Umar idan ya ga mutum yana salla ya rufe bakinsa, yakan fizge mayafin da ƙarfi. Saboda haka ɗan'uwan da ya ce shi ba ya son yin salla da takunkumi alhali lafiyarsa lau, yana da madogara, kada a zarge shi. Amma ƙa'ida ce sananniya a wurin malaman fiƙihu cewa karhanci yana faɗuwa idan buƙata ta zo. Kuma ku lura da hikimar Imamu Malik: a babi guda ya haɗa wannan ruwaya da hanin shiga masallaci da warin tafarnuwa. Idan warin tafarnuwa, wanda ba ya kwantar da kowa, ya isa a ce mutum ya nisanci sahu don kada ya cutar da masallata, me za a ce da tarin da zai iya kai dattijo gadon likita? An kuma ruwaito cewa Annabi (SAW) idan atishawa ta zo masa yakan rufe fuskarsa da hannu ko da tufafinsa, ya sassauta sautinta. Mai mura da ya sa takunkumi a cikin jama'a, a kan wannan ladabi yake tafiya.

Rufe baki ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kafin a haifi kakanninmu Buzaye suke naɗa rawani su rufe baki da hanci, sarakuna da malamai suna jan amawali, matafiya suna kare kansu daga iskar hunturu. Ɗan kabu-kabu a Maraɗi ko Tawa da ke ɗaure ƙyalle saboda ƙura babu mai cewa imaninsa ya yi rauni. Me ya sa sai an shigo zawiya abin ke zama abin dariya?

To, mene ne mafita? A ganina mutane uku ne.

Na farko shi ne mai tari, mura, zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro. Wannan shi ne takunkumi ya fi kamata da shi, domin babban amfanin takunkumi shi ne tare abin da ke fita daga bakin mai shi. Ya sa shi ya rufe baki da hanci duka, ya zauna a gefe kusa da ƙofa, idan an shafa ya ɗora hannu a ƙirji a maimakon musafaha, ya haƙura da sumbatar hannun Shehu ko muƙaddami har ya warke. Idan jiki ya yi nauyi ya yi wazifarsa a gida, uzurinsa karɓaɓɓe ne. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa, a je likita a gwada, don tarin fuka yana warkewa da maganin wata shida idan an sha shi yadda ya kamata.

Na biyu shi ne mai rauni: tsoho, mai ciwon suga, mai ciwon zuciya ko huhu, mace mai ciki, ko wanda ke jinyar irin waɗannan a gida. Idan ya zaɓi ya sa takunkumi a cunkoso, kamar taron Maulidi a Kiyota, ko cikin motar tafiya ziyara, ko a lokacin hazo, a bar shi, a kuma girmama shi. Ba ka san abin da likita ya gaya masa ba, kuma ba dole ne ya tona maka asirin jikinsa ba.

Na uku shi ne mai lafiya, a lokacin da babu wata annoba a gari. Wannan babu komai a kansa idan ya ajiye takunkumi. Ya saki fuskarsa ga ƴan'uwa, murmushinsa ma sadaka ne. Wanda ya mayar da ɗan ƙyalle abin dogaronsa, har ba ya iya zama kusa da musulmi sai zuciyarsa ta cika da wasiwasi, shi ma yana da ciwon da ke buƙatar magani a wurin mai tarbiyya. Takunkumi sababi ne cikin sabubba, kuma ba ya ɗauke wa yaranmu rigakafin sanƙarau da mashaƙo.

Ina roƙon muƙaddamanmu da masu hidimar zawiya, da dukkan ladabi, su sauƙaƙa mana wannan al'amari. Abin da ke hana matasa da yawa sa takunkumi kunya ce, kada a ce su ne marasa lafiya. Kalma ɗaya daga bakin muƙaddami ta isa ta cire wannan kunya. A ajiye ƴan takunkumai kusa da butoci don mai buƙata. A buɗe tagogi, ko a fito fili idan wuri ya yi kaɗan. Na yadi a wanke shi da sabulu, na likita idan ya jiƙe a jefar da shi cikin shara, kada a bar shi a harabar masallaci. Mu kuma ɗalibai da muke kwana ɗaki ɗaya mu da yawa, muke cika azuzuwan jami'a, mu ne muka fi ɗauko mura mu kai wa dattawa, don haka mu ya kamata mu fara. Ba a fafe gora ranar tafiya: al'adar da muka saba da ita yau ita za ta tsare mu ranar da wata cutar ta sake ɓullowa.

Ya ƴan'uwa, an koya mana cewa ɗariƙa dukkanta ladabi ce, kuma cikin sharuɗɗan da muka karɓa akwai kiyaye zumunci da nisantar cutar da bayin Allah. Matar nan ta Makka ta bar ɗawafi, abin da ta fi so, don kada wani ya cutu ta sanadinta, kuma babu wanda ke kallonta sai Allah. Mu abin da ake nema gare mu bai kai haka ba: ɗan ƙyalle na ƴan kwanaki idan jiki ya motsa, da kame harshe daga ɗan'uwan da ya zaɓi abin da ba mu zaɓa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda annoba ta ɗauke, Ya ja kwanan shehunanmu da iyayenmu cikin ƙoshin lafiya. Ya tsare ƙasarmu daga annoba da fari da fitina, Ya sanya mu cikin waɗanda musulmi suka kuɓuta daga cutarwarsu, albarkar Annabi (SAW). Amin.