Kada Ka Kai Reza Bakin Akunka

Ɗana, na san abin da ya tayar maka da hankali. Ka je zuba wa akunka ruwa da safe, ya gangaro gefen keji yana gaishe ka da muryarka, sai ka ga gefen bakinsa ya yi fari-fari, wani siririn ɓawo kamar na albasa ya ɗago yana shirin faɗuwa. Na kuma san hannunka har ya fara ƙaiƙayin ɓare shi, don mai ƙaunar abu ba ya iya ganin aibi a jikinsa ya kau da kai. To, ka mayar da hannun aljihu tukuna, ka zauna mu yi magana.

Bakin aku ƙashi ne daga ciki, an lulluɓe shi da irin abin da aka yi farcenka da ƙahon saniya, a ƙarƙashin lulluɓin kuma akwai jini da jijiyoyi, shi ya sa yake jin abu da bakinsa kamar yadda kake ji da yatsa. Lulluɓin nan ba ya daina tsiro muddin tsuntsun yana numfashi, sabo yana turowa daga ƙasa, tsoho yana ɓamɓarewa daga sama. Idan ɓawon siriri ne, abin da ke ƙarƙashinsa yana da ƙwari, aku yana ci yana surutunsa, to saɓa ce kawai, kuma shi da kansa zai goge ta a jikin sandar da yake tsayawa, kamar yadda ka saba ganin yana yi bayan ya gama cin abinci.

Ina saurayi mun yi makwabtaka da wani tela mai aku, mutumin kirki, yana son tsuntsun nan kamar ɗan cikinsa. Wata rana ya ga irin abin da ka gani, ya naɗe akun a tsumma, ya ɗauko reza wai zai daidaita masa. Aku ya fizge kai, reza ta zarce, jini ya ɓata tsumman. Kwana uku tsuntsun yana kallon abinci ba ya iya fasawa, da ya warke kuma bai sake yarda ya hau hannun telan ba. Garin neman gira aka rasa ido. Haka nan kada ka shafa masa basilin ko man kaɗe, don da bakin yake gyara gashinsa, man zai bi ya danƙare gashin, yana iya toshe masa ƙofofin hanci.

Idan kuwa ɓarewar ta yi yawa, ta ƙi ƙarewa, bakin ya yi kaushi, to ka bar kallon baki ka dubi kwanon abinci, don galibi nan maganar take. Akun nan mai ruwan toka da jar wutsiya ɗan kurmi ne, daga dazuzzukan Kamaru da Gabon da Kongo da kudancin Najeriya kakanninsa suka fito, inda suke cin 'ya'yan itatuwa, musamman jar kwakwar manja mai cike da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Mu kuwa da ya zo hannunmu sai mu ɗora shi kan gyaɗa da dawa, safe da yamma, shekara da shekaru, mu ga yana ci da marmari mu ɗauka ya ƙoshi. Ai yaro ma in ka bar shi da alewa ba zai nemi tuwo ba. Gyaɗa cike take da mai, ba ta da bitamin ɗin nan, in ta yi yawa tana lalata hanta, wadda ta yi fumfuna kuwa guba ce ƙarara, kuma rashin bitamin da ciwon hanta duk a baki da gashi suke fara nuna kansu. Ka riƙa yanka masa karas da gwanda da mangwaro da dafaffiyar kabewa da jan tattasai, ka haɗa da ɗanyen ganye irin su zogale, in ka samu kwakwar manja ka ba shi ɗaya jefi-jefi, gyaɗa kuma ta koma tukuici. Fiya kada ta kusance shi, tana kashe aku. Goron da kake gutsura masa don raha, da shayi da kofi da cakulan, duk ka daina.

Zai yi maka taurin kai, wannan ka sa a ranka. Zai ɗauki karas ɗin ya jefar ƙasa yana kallonka da ido ɗaya, gobe ma haka, wata ƙila har mako biyu ko uku. Kada ka yi fushi, kada kuma ka hora shi da yunwa. Ka zauna kusa da kejin ka ci a gabansa, don aku ba ya son a ci abu a bar shi. Sannan kada ka ce mako guda ya wuce ba ka ga canji ba, baki a hankali yake tsirowa, sai an yi watanni kafin lafiyayyen ya kori tsohon.

Ka tuna kuma da iskarmu. Hunturun da ke tsattsaga maka leɓe da dunduniya bai ƙyale tsuntsun da aka halitta don damshin kurmi ba. Ka riƙa fesa masa ruwa mai tsabta da hantsi, ko ka ajiye masa faranti ya yi wanka, yadda zai bushe kafin sanyin yamma. Ka fitar da kejin ya sha ranar safe, da inuwa a gefe guda da zai koma in ya ji zafi, don ranar da ta ratso gilashin taga ba ta ba shi abin da ƙashinsa ke bukata. Ka sa masa ɗanyen reshen gwaba da ɓawonsa, wanda ba a yi wa feshin magani ba, ya yi ta ɓarza, wannan shi ne magagarinsa.

Akwai inda dabararka da tawa suka ƙare. In ka ga tsaga mai zurfi, ko baki ya yi laushi, ko ya zarce tsawo ya karkace, ko wani farin ɓamɓaroki mai ƙananan ramuka ya taru kusa da hanci, wanda aikin wasu ƙwari ne da ido ba ya gani, to sai likitan dabbobi. Haka in bakin ya daina yin ƙurar nan fara da lafiyayyen aku ke da ita, ya koma sheƙi kamar an goge shi, gashi kuma yana zuba ko yana fitowa a murɗe, wannan na iya zama cutar baki da gashi, mai yaɗuwa, sai ka raba shi da sauran tsuntsaye tun kafin ku tafi. Tsuntsu yana ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsa, don haka ranar da ka ga ya kumbura gashi ya yi shiru, kada ka ce bari a ga gobe. Tsuntsu ne da kan kai shekara 40 ko fiye in ya samu riƙo, irinsa kuma sun ragu a daji har ta kai a 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana fataucin na daji tsakanin ƙasa da ƙasa. In za ku tafi wurin likita, ka lulluɓe kejin da zane don kada hayaniyar hanya ta firgita shi, in likita ya tambaye ka me yake ci, ka faɗa masa gaskiya, ko da amsar gyaɗa ce kaɗai.