Gandun da Babu Gamana

Ƴan uwa ɗalibai, ina da wani aboki da muka tashi tare nan Tawa. Bara ya samu aiki Yamai, a wani ƙaramin kamfani mai ƙera manhajar salula. Da ya zo gida salla, ko gaisuwa ba mu gama ba waya ta yi ƙara: maigida na son a gyara wani abu kafin asuba. Na ce mashi, "Wai kai ba ka da hutu ne?" Ya ce, "Ai mu can iyali ɗaya muke."

Tun ranar kalmar nan take cina. Mu da muke karatun harshe mun san kalma tana ɗaure mutum fiye da igiya. In an kira ka ma'aikaci, kana iya tambaya: awa nawa, kuɗi nawa? In an kira ka ɗan gida, tambayar ta zama rashin kunya.

Abin ba nan ya fara ba. A ƙasar Sin akwai tsarin 996: tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida, wato awa 72 a sati. A 2019 Jack Ma, wanda ya kafa Alibaba, ya kira shi albarka. A 2021 kotun ƙolin ƙasar ta ce ya saɓa ma doka. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 kuwa awa 40 ta tsaida.

Wani zai ce, sabon kamfani kamar sabuwar gona ne, sai da gumi. Haka ne, kuma ba ɗan Adar za a koya ma wahala ba. Iyayenmu mata sun ɗauki duwatsu a ka cikin aikin raya ƙasar Keita tun 1984. Yayyenmu na bida har Abijan.

Amma tunda sun ari sunan iyali, mu auna su da gandu. Ɗan gandu yana noma gonar maigida, gaskiya ne. Sai dai rumbu na kowa ne, ana yi mashi aure, yana da gado, kuma ana bar mashi kwanakin gamana, ya noma tashi. Shi abokina fa? In jari ya ƙare, sallama ce. In kamfani ya bunƙasa, ba shi da kaso a rubuce.

Aiki tuƙuru ba laifi ba ne. Laifin shi ne a karɓi gumin ɗa, a biya shi ladan baƙo. To, ranar da aka ce maka "mu iyali ne", ka gode, sannan ka tambaya cikin ladabi: ina gamanata?